Ranar da Tanimu Ya Raɗa wa Bature Suna

Masu karatu, sallama gare ku, da wadda ke karanta ni a gefen gado da wadda ke karanta ni miyarta na kamawa. Kun dame ni da tambaya guda: "Hamdiyya, wai me kika gani a jikin mai gidan bidiyo?" To ku gyara zama. Wadda ta san zuciyarta ba ta jure ganin jini, ta ajiye wayar tun yanzu, kada ta ce ban faɗa mata ba.

Ni 'yar Yelwan Yauri ce, gidanmu na gangaren da ke sauka bakin ruwa. Lokacin da abin nan ya faru jihar Kebbi jaririya ce, ko yaye ta ba a yi ba. Mahaifinmu ya rasu, gida ya koma hannun yayana, Tamada. Inna tana nan da ranta, amma in aka zo zancen aurena sai ta ce, "Ni mace ta, ki bari mu ji bakin yayanki." Wato tsakanina da Tanimu mai gidan bidiyon abu guda ya rage, Yaya Tamada ya buɗe baki ya ce ya ba shi. Ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a.

Yaya mai jiragen ruwa ne masu inji, yana dakon albasa da bandar kifi tsakanin Yelwa da Warra da tungayen cikin ruwa. Dogo ne, fes-fes, hannunsa a sake. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In ransa ya ɓaci sai ya ƙara ladabi, ya riƙa ce wa mutum "ranka shi daɗe". Daminar da ta wuce ya fita da matarsa Mariya a ƙaramin jirgi, za shi kai ta ganin gida, ya dawo shi kaɗai a jiƙe. Ya ce iska ce ta kife su. Gari ya tausaya masa, mu kuma a gida muka daina ambaton sunanta saboda kada mu fama masa ciwo.

Bayan wannan ne Tanimu ya sauka garinmu daga Kontagora, da talabijin da bidiyo da wata tsohuwar janareta mai tari kamar mai shan taba. Ya kama hayar tsohon siton albasar Yaya, wanda bangonsa guda da madafarmu. Tsakanin bangon da kwano akwai 'yar kafa. Ta nan hayaƙinmu ke shiga musu, ta nan muryarsa ke shigo mini.

Don sana'arsa ba kunna kaset ba ce kawai. Fassara yake yi. Zai tsaya gefen talabijin da makirfo, 'yan fim na magana, shi yana mayarwa da Hausa. Ku kuma ji abin dariya: Indiyanci ko kalma bai sani ba, Turancinsa kuwa bai wuce na sayen fetur ba. Fuska yake karantawa, ya sa wa kowa maganar da ta dace da shi. Abin da ya ja masa kasuwa shi ne raɗin suna. Ba ya wahalar da mutane da sunayen ƙetare, sunan 'yan gari yake manna musu. Mai tumbi ya zama wane mahauci, mai rowa ya zama wane mai shayi. Wanda aka sa wa bos, wato mugun fim, ya sha tsiya har mako ya zagayo. Wanda aka sa wa ɗan wasa kuwa, wato jarumin, ranar ko uwarsa ba ta isa ta aike shi ba. Masunta har kifi suke kawo masa don ya sa su ɗan wasa.

Ku 'yan yanzu saƙo na shigo muku a waya. Ni nawa ta lasifika yake zuwa. Ina tsaka da tuƙa tuwo sai in ji ɗan wasa yana ce wa budurwarsa, "Ke mai lalle a hannun hagu, jiya kin bar ni tsaye a zaure sauro ya yi walima da ni." Ɗaki ya ɗauki shewa, ba wanda ya san da wa ake. Ni kuwa in dubi hannuna na hagu, muciya ta kusa suɓuce mini. Inna ta leƙo ta ce, "Ke, da tukunya kike dariya?" Wanda ya iya sa ki dariya ke kaɗai a gaban murhu, 'yan'uwa, ya gama da ke.

Wata la'asar ya zo zance. Na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, na ja kwalli, na yafa farin mayafi. Na tarar da shi a zaure yana ta juya wani kaset a hannu kamar wanda ya tsinci zinariya.

"Gimbiya, na samo makullin bakin yayanki."

"Kaset ne makullin? Kai dai ba ka rabo da shirme."

"Wannan ba irin wanda kika saba ji ba ne. Wani direba ya kawo mini daga kudu. Tsohon fim ne na Turawa, baƙi da fari. Ba waƙa, ba rawa, ba tsalle-tsallen 'yan Cana."

"To me ya rage? Kallon bango?"

Ya matso, ya rage murya. "Jira. Kin taɓa ganin mai fatsa? Daɗin ba a kifin yake ba. Daɗin yana lokacin da zare ya fara rawa, bai san ko tarwaɗa ce ko tsumma ba. Irin fim ɗin nan haka yake. Za a nuna maka ƙofa a rufe, a bar ka da ita. Ba wuƙar ke kashe mai kallo ba, jiran ta. Ka san akwai mugu a gidan, matar ba ta sani ba, kana ihu ba ta jin ka. Mutum ya biya kuɗinsa don a tsorata shi, ya fito yana godiya."

"Allah ya shirye ku. To ina ruwan Yaya a ciki?"

"Mijin matar! Ki gan shi, dogo, mai tsabta, mai sanyin magana, har jirgin ruwa gare shi. Kamar an zana Tamada. Ranar kasuwa zan gayyace shi, in ajiye masa kujera a gaba, in raɗa wa ɗan wasa sunansa a gaban duk masuntan tafkin nan. Babu namijin da ba ya son kirari, Hamdiyya. Wanda ya ce ba ya so, ba a iya masa ba ne."

Na ce, "Ka kalle shi har ƙarshe?"

"Na ga farkonsa, man janareta ya ƙare mini. Ai ɗan wasa tun a fuska ake gane shi. Shekarata nawa ina wannan aiki? Akwai wani mai gadi da tabo a kumatu, ido kamar na mage. Shi ne bos, ko makaho ya shafa ya sani."

Na yi dariya na ce Allah ya ba da sa'a. Har na ƙara da cewa ya yabi hular Yaya, don yana ji da ita.

Ranar kasuwa gari ya cika. Jirage sun jeru a bakin ruwa kamar takalma a ƙofar masallaci, ƙarnin kifi da warin albasa sun gauraye. Bayan azahar Tanimu ya tayar da janareta. Yaya ya fito cikin farar shadda mai aiki a wuya, da hula zanna, da agogon azurfa, turarensa ya riga shi fita zaure. Inna ta bi shi da kallo ta ce, "Yau kuma gidan kallo za a da wagga kwalliya?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaron ya roƙe ni, Inna. Kunya ta ka kai ni."

Ni kuwa na kife turmi a madafa, na hau, na manna ido a kafar nan. Ranar ce farkon ganina da cikin ɗakin cike. Benci-benci maƙil, wasu a ƙasa, wasu sun jingina da bango, tagogi an toshe da buhu don duhu. Ƙofa ɗaya ce, ta kwano, kuma ciki take buɗewa. Yaya na gaba a kujerar roba, yaran jirginsa sun kewaye shi. Can baya na hango Cindo, wan marigayiya Mariya, shi da 'yan'uwansa masunta, sun sayar da kifinsu sun shigo hutawa. Cindo gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannunsa duk sawun igiyar taru. Har ya taso ya gaida Yaya da hannu biyu, Yaya ya tambaye shi mutan tunga.

Fim ya fara. Wani Bature ya sauko daga mota ya buɗe wa matarsa ƙofa.

"Jama'a, ga ɗan wasa!" in ji Tanimu. "Ga mai jirgi, ga mai kyauta, ga wanda hularsa ba ta karkata sai da dalili. Wa ke nan in ba Tamada ba!"

Ɗaki ya ɗauka, "Tamada! Tamada!" Yaya ya ɗaga hannu yana murmushi, ya ɗan taɓa hularsa. Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina, Hamdiyya, fara zaɓen anko.

Wallahi Tanimu bai yi ƙarya ba, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Gida ne babba a gefen wani tafki, daga matar sai mijin sai mai gadi. Ba a zagi kowa ba, ba a mari kowa ba, amma na kasa ɗauke ido. Matar za ta ajiye abu ta dawo ba ta gan shi ba. Za ta ji taku a bene, ta hau, ba kowa. Aka nuna hannu cikin safa yana murɗa mariƙin ƙofarta a hankali, a hankali, kiɗa ya ɗauke ɗif, sai ƙarar janareta. Ƙarti majiya ƙarfi, masu kwana bisa ruwa da dorina, suka yi tsit kamar an aiko da mutuwa. Wani tsoho ya kasa daurewa ya miƙe.

"Ke ɗiyar nan, waiwaya! Waiwaya don ubanki!"

"Zauna, Baba, ba ta jin Hausa!"

"Mai gadin nan na! Aradu shi na! Ku dube shi awa ɓarawon akuya!"

Duk sanda ta firgita sai mijin ya bayyana, ya riƙe ta, ya ba ta ruwa. Tanimu kuwa sai zuba yake. "Kwantar da hankalinki, amarya, Tamada na nan. Wanda ke da Tamada ba ya kuka." Ni da ke kan turmi wuyana ya ƙage, amma ko za a ba ni Yelwa da abin da ke cikinta ba zan sauka ba. Tsoro ne mai zaƙi, irin wanda kike ji kina sane da cewa ke kina gidanku.

Sai mijin ya ce wa matar su fita shan iska. Aka nuna su suna gangarawa bakin tafki, ya riƙe hannunta ya sa ta a ƙaramin jirgi, ya ɗauki filafili.

Nan na ji ɗakin ya canza. Benci ma ya daina ƙara. Tanimu baƙo ne, ya san dai matar Yaya ta rasu, bai san yadda garin ke ɗauke da abin ba. Ya ci gaba, "Tamada zai kai amarya yawon ruwa, ku ga miji na gari!" Ba wanda ya yi shewa. Na dubi Yaya. Murmushin na nan a fuskarsa, amma kamar an manta shi ne a wurin.

Jirgi ya kai tsakiyar ruwa. Baturen ya daina tuƙi. Ya ciro wata safar hannu daga aljihu, ya sa, yana kallon matar. Safar nan dai da muka gani a mariƙin ƙofa.

Tanimu ya shiga kame-kame. "To... wato... Tamada yana... yana jin sanyi ne..."

Baturen ya miƙe ya hankaɗa ta cikin ruwa.

Ta ɓullo tana haki, ta kama gefen jirgin da hannu biyu. Aka cika talabijin da yatsunta. Shi kuma ya ɗaga filafili, fuskarsa a sake kamar mai gyaran fitila, ya sauke a kan yatsun. Ya sake ɗagawa. Ya sake saukewa. Makirfo na bakin Tanimu, numfashinsa kawai ke fita ta lasifika. Wannan wuri bai buƙaci fassara ba.

Daga baya aka ji wata murya, ba da ƙarfi ba. Cindo ne.

"Yatsu."

Ya miƙe tsaye. "Innarmu ta wanke Mariya da hannunta. Ta ce yatsunta takwas a karye ta ishe su. Munka ce kututturan ƙarƙashin ruwa na. Munka ce ƙaddara ta." Muryarsa ta fashe. "Tamada! Kututture na ko kai na?"

Yaya ya juyo a hankali. "Ranka shi daɗe, hoton Turawa na kake kallo."

Benci ne ya ba shi amsa. Cindo ya ɗaga shi ɗungurungum ya wurgo, ya wuce kan mutane ya sami wani yaron jirgin Yaya a ƙeya, yaron ya kife ko shurawa bai yi ba. Kafin ka ce kwabo ɗaki ya kacame. Masunta suka yo gaba, 'yan jirgi suka tare su, waɗanda ba ruwansu suka ruga ƙofa. Ƙofar kuwa ciki take buɗewa, suka danne ta da jikinsu, na baya na tura na gaba, kwano na ƙara, mutane na taka mutane. Tsohon nan mai cewa a waiwaya na gan shi ƙasa, ana bi ta kan bayansa, yana kiran sunan Allah.

Cindo ya ratsa ya cim ma Yaya, ya zaro 'yar wuƙar da yake farke cikin kifi. Ya kai masa sara a wuya, Yaya ya kare da hannu, wuƙar ta tsarge shi daga gwiwar hannu zuwa tsintsiya. Farar shaddar nan ta rine nan take. Abin da na gani bayan haka shi ya fi tsaya mini. Yayana, wanda ban taɓa ganin ya kori kaza da ƙarfi ba, ya kama kan Cindo da hannu biyu ya buga da bango. Ya ɗago shi ya sake bugawa. Bangon madafarmu ne, turmin da nake kai sai da ya girgiza, ƙasa ta zubo mini a ido. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Fuskarsa a sake.

Wani ya ɗauki dutsen da ake tokare ƙofa ya jefi talabijin, ta fashe da ƙara, ɗaki ya ƙara duhu. Sai na ji wani cikin 'yan jirgi ya ce, "Ga munahukin nan! Shi ya shirya ta! Ku kama mai baki!"

Suka yi kan Tanimu.

Masu karatu, makirfo na hannunsa, janareta ba ta mutu ba. Duk abin da aka yi masa sai da lasifikar waje ta sanar da unguwa. Aka ji faɗuwarsa. Aka ji ƙafar benci a haƙarƙarinsa, tim, tim, kamar ana bugun buhu. Aka ji yana cewa, "Wallahi ban sani ba! Ku tsaya in faɗa muku!" Wani ya ce, "Bakin nan na ka raɗin suna ko?" Sai wata ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Muryar da ta shekara tana shigo mini ta saman bango ta koma gurnani.

Ban san sanda na diro ba. Ba mayafi, ba takalmi, ɗankwalina ma a zaure ya faɗi. Inna na kira, "Hamdiyya! Ke Hamdiyya, gidan maza na!" Na iske mutanen kasuwa sun ɓalle ƙofar daga waje, jama'a na ɓulɓulowa, wani da hannu a reto, wani jini ya rufe masa ido. Na kutsa ta ƙarƙashin hammatarsu. Ƙasa duk fasassun gilashi, na ji suna shiga tafin ƙafata, ban tsaya ba. Na faɗa kan Tanimu na rufe shi da jikina. Duka ɗaya ya same ni a kafaɗa, hannuna ya mutu har yatsu.

"Kai, tsaya! Ƙanwar maigida ta!"

Suka ja da baya suna haki. Na ɗago kansa. Leɓensa ya rabe biyu, haƙoran gaba babu, jini na fita da kumfa. Ido ɗaya ya buɗe ya gane ni. Ya yi ta motsa baki har na kai kunne.

"Ban... kalli... ƙarshen ba."

'Yan sanda suka iso da kulake, suka bi kowa da duka, mai laifi da mai kallo. Aka ɗora Tanimu a amalanken albasa aka yi asibiti da shi. Aka fito da Cindo a sume, kai a kumbure, duk da haka sai da aka sa masa ankwa, don shi ya zaro wuƙa. Dattawan unguwa suka kewaye Yaya suna ba shi haƙuri. "Wane irin zamani na wanga, a tuhumi mutum da hoton Nasara?" "Baƙin ciki na ya taɓa Cindo." Wanda ya saba cin tuwon mutum ba ya son a ce hannun mai tuwon da datti. Yaya na ta cewa, "Ba komi, ranku shi daɗe, na yahe mishi."

Wata maƙwabciya ta yafa mini zanenta ta rako ni gida. Inna na ɗaki ta rufe fuska tana kuka. Na shiga madafa na zauna a kan turmin nan, ina cire gilashi daga ƙafata da tsinke, ina tunanin ko Tanimu zai kai gobe, in ya kai ko zai ƙara magana.

Inuwa ta rufe ƙofar. Yaya ne, ya naɗe hannunsa da rawani, jini ya ɓullo ta ciki. Ya tsuguna a gabana, ya karɓi tsinken, ya kama ƙafata ya ci gaba da cire mini, a hankali, kamar yadda yake mini ina ƙarama in na taka ƙaya.

"Sannu, auta. Kin ji ciwo."

"Yaya, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi so ya yi ya faranta maka. Bai san abin da ke ciki ba."

"Na sani, yaron kirki na." Ya zaro wani gilashi ya ajiye gefe. "Abu guda nike son ki hwaɗa min. Yaushe kika ba shi labarin filafilin?"

"Wane filafili?"

"Hamdiyya." Ya yi murmushi. "Ba kowa bisa ruwa rannan, na duba. Ke ɗai kika ishe ni nan wurin, ina faskara shi. Kika ce, Yaya, sabo na hwa. Na ce ya tsage."

Madafar ta juya da ni. Na tuna. Ranar da ya dawo a jiƙe, gida cike da masu kuka, na shigo ɗora tukunya na same shi da gatari. Na ɗauka ruɗewa ce ta mai baƙin ciki. Ni na kwashe itacen nan da hannuna na tura a murhu. Da shi na dafa tuwon da 'yan zaman makokin Mariya suka ci, har da Cindo.

"Ban gaya wa kowa ba," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Ban ma san akwai abin faɗa ba."

Ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane cewa gaskiya na faɗa, na kuma ga lokacin da ya gane abin da shi ya faɗa. Hannunsa na riƙe da ƙafata. Bai matse ba, bai saki ba.

"To," ya ce. "To, madalla."

Ya miƙe ya wanke hannu a buta, ya fita tsakar gida ya kira Inna. Ina jin su ta ƙofa.

"Inna, share hawayenki. In na hana yaron nan aure yanzu, gari za shi ce zancen Cindo na da tushe. Na ba shi Hamdiyya. In ya tashi, a sa rana."

"Alhamdulillahi! Allah shi yi ma albarka, Tamada. Kai ɗai ka iya haɗiye irin wagga."

"Sai dai Baba Wakili na Warra, shi na ƙanen mahaihinmu, bai kamata shi ji ga bakin 'yan kasuwa ba. Yau za ni in hwaɗa mishi. In tahi da ita ta zauna can wurinsu har ƙura ta lahwa, kin ga yadda ta hita ba lulluɓi, bakin mutane ba shi da linzami."

"Da wanga hannu? Ga hadari ya haɗo gabas. Ku bari sai gobe ku bi mota."

"Mota zagaye ta. Ƙaramin jirgi na bakin ruwa, kahin magariba mun isa. Yarana duk suna wurin 'yan sanda, ni za ni tuƙa da kaina."

Abin da na shekara ina roƙo a sujada, ga shi an ba ni a tsakar gida. Inna ta shigo madafa da gudunta, fuska jiƙe da hawaye tana dariya, ta rungume ni ta gefen kafaɗar da aka doka. Ta ƙulle mini kaya kala biyu a ɗankwali, ta ciro mayafinta na zuwa biki ta yafa mini da hannunta.

"Tashi, amarya. Kin ga yayanki ko? Samun irinai sai an tona."

"Inna," na ce, "Inna, ki ji..."

Yana tsaye a bakin ƙofa, ya sake sabuwar riga, yana kallon bakina.

"Mi ne, ɗiyata?"

"Ƙafata ce ke ciwo."

"Ai ba tahiya za ki yi ba, zama na cikin jirgi. Bi yayanki, kada ruwa shi ishe ku."

Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiyar gidanmu. Yaya ya ɗauki ƙullin kayana, ya matsa gefe ya ba ni hanya, da ladabi.

"Bismilla, ranki shi daɗe."

Tun da aka haife ni bai taɓa kira na haka ba. Kuma masu karatu, ni 'yar bakin ruwa ce, amma ban iya iyo ba.